Itacen da Inna Ta Tara

Farfesa Saratu Ɗayyabu ta iso Nguru da la'asar sakaliya, da akwati ɗaya na tufafi da wani na kwalaben roba waɗanda babu komai a cikinsu. Ruwan damina ya fara ja da baya. Daga titi ana hango fadama cike da ciyawar kacalla, da masunta tsaye cikin ruwa har ƙugu. Ba ta ɗauki hoto ba. Shekara bakwai rabonta da gida, kuma ta yi wa kanta alkawarin ba za ta zo da ɗabi'ar baƙi ba.

Aikinta kanwa ne. Abin da ake jefawa a miyar kuɓewa da tukunyar wake, shi ta kai Jamus ta gina suna a kansa. Takan ƙona ɓuntun shinkafa ya zama toka, ta dafa tokar da ruwan kanwa, ta fitar da wani farin gari mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In aka zuba garin a gurɓataccen ruwa, sai ya tsotse dalma da sauran gubar ƙarfe. Takardun da ta buga a mujallun masana sun haura saba'in. Akwai wani shafi a intanet da ke ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikin mutum a nasu rubutun, nata ya wuce dubu huɗu. A Sin da Brazil akwai ɗaliban da ke bin hanyarta, ba su san inda Yobe take ba.

Takan buɗe shafin kowace safiya kafin ta sha shayi. Ta san ba ɗabi'ar kirki ba ce.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ambatar sunanta ba, ita ce wadda ta haife ta. Saratu 'yar fari ce, kuma Ya Meram, wadda 'ya'yanta ke kira Inna, ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, babu sassauci. Ranar da aka yaye yarinyar, Kaka ta je Gashuwa ta goyo ta zuwa Nguru, a nan ta girma, a gidan da ke bayan tashar jirgin ƙasa. In an kai ta Gashuwa hutu, Inna ba ta kallon fuskarta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. In magana ta kama, sai ta nemi wani a tsakani: a ce wa ta Nguru ta ci abinci, a ce wa ta Nguru ta ɗaura ɗankwali. Ko a waya haka ne. Saratu ta yi sallama daga Jamus, ta ji numfashi, ta ji an miƙa wa wani wayar.

Ba ƙiyayya ba ce. Kowa ya sha gaya mata haka, ita ma ta sani. Sanin bai taɓa rage mata komai ba.

Ta tarar da Kaka a rumfar tsakar gida. Ido ya yi rauni, baki na nan. Sabitu, ƙanen Saratu mai injin casar shinkafa a Gashuwa, shi ya taro ta a tasha, yana biye da akwatunan.

"Wa nake ji kamar Baturiya?" in ji Kaka. "Matso in taɓa, ja'ira. An ce can ba sa cin tuwo."

"Tsohuwa mai ran ƙarfe. Har yanzu kina nan kina cinye wa jikoki abinci?"

"Ina nan. Sai ɗanki ya yi mini fitsari a zane sannan in tafi. Matso."

Kaka ta kama hannunta, ta shafa fuska da kafaɗa, sannan ta zura hannu ƙarƙashin hijabi ta dafa cikinta. Hannun ya tsaya. Ta ƙara dannawa, kamar mai zaɓen kankana a kasuwa.

"Ke. Babu kowa a nan."

"Wa kike nema?"

"Sabitu! Zo nan, mai dogon baki. Ina cikin da ka ce?"

Sabitu ya ajiye akwati a hankali. "Ni ban ce ciki ba, Kaka. Wallahi ban ce ba. Abin da Yaya ta faɗa na maimaita."

"Me na faɗa?" in ji Saratu.

"Kin ce in tanadar miki kanwa, ja da ungurnu, mai yawa. Kin ce za ki zo gida ki yi sati shida ko fiye. Kin ce kar in yi surutu, ba ki son taro." Ya sosa ƙeya. "Shi kuma mijinki, Yaya Nasrullahi, da na kira shi da azumi, ya ce kuna asibitin mata, likita ya ce ki huta. To na je na gaya wa Inna. Washegari na ga mai amalanke yana sauke itace."

Saratu ta zauna a bakin tabarma. Ba sai an yi mata bayani ba. Mace ta daɗe da aure ba haihuwa, ta aiko a tanadar mata kanwa, ta ce za ta zo gidan iyayenta ta yi kwana arba'in: a Gashuwa abu ɗaya wannan yake nufi. Goyon ciki, haihuwa a gida, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa a ƙwarya. Babu wadda ke buɗe baki ta ce wa uwarta tana da ciki, babu uwar da ke tambaya. Da irin waɗannan alamu ake ganewa, kuma ita da kanta ta jera su duka, hankalinta na kan kwalabe.

Asibitin gaskiya ne. Shekaru suka yi suna kaiwa da komowa ita da mijinta Nasrullahi, allura da gwaji da jira. Zuwan da Sabitu ya ji labarinsa shi ne na ƙarshe. Ranar likitar ta ce a bar jikin haka, sun yi iyakar abin da suka iya.

"Wa ya sani?" ta tambaya.

"Unguwa," in ji Sabitu, kansa a ƙasa. "Itacen ya fi katanga tsayi."

Kaka ta fara dariya, dariyar ta mutu a hanya. Ta lalubo hannun Saratu ta riƙe.

"Babu, ko ba yanzu ba?"

"Babu, Kaka. Sai wani ikon Allah."

"To. Allah ya san abin da yake yi."

"Ke za ki gaya mata."

"Ba na zuwa."

"A waya."

"Ba na kira. Tun kina goye nake yi muku aike, ke da ita. Ki ce a gaya mata, ta ce a gaya miki. Da kika ci jarrabawa ni na kai. Da za ki tafi ƙasar Turawa ni na kai, har kukan da ta yi ranar ni na kawo miki labarinsa, kika ce ƙarya nake. Ƙafa ta mutu, Baturiya. Wannan ki ɗauka da kanki."

"Ba ta magana da ni."

"Wa ya ce ta yi magana? Ke za ki yi. Ita kunne kawai za ta bayar."

"Ai za ta gani da idonta."

"Da wane idon? Yaushe ta taɓa kallonki? In ma ta saci kallo, cewa za ta yi ƙarami ne, ta ƙaro itace."

Da safe Saratu ta tafi kasuwa, layin 'yan kanwa, don abin da ya kawo ta ke nan. Samfurin da ta yi shekaru tana aiki da shi ya kusa ƙarewa, ga kuma wasu masu bincike a Indiya sun rubuta cewa sun bi hanyarta da tasu kanwar ba su sami irin sakamakonta ba. Dole ta san yadda kanwar wani wuri ta bambanta da ta wani. Ta bi buhu-buhu tana tambaya. Wannan daga ina? Ta wajen Yusufari. Wannan fa? Ta Machina ta shigo, daga ƙetare. Ta ɓantari kowace ta sa a kwalba, ta manna takarda. Hannunta ya san aikin, ya bar kanta ya huta.

A rumfa ta ƙarshe wani dattijo ya gane ta, Malam Yunusa, abokin cinikin mahaifinta.

"'Yar Alhaji Ɗayyabu ce? Allah ya ji ƙan maza." Ya tono wani dunƙulen jar kanwa daga ƙasan buhu, ya naɗe a takarda ya miƙa mata. "Wannan ba ta kwalba ba ce, ta kunu ce. Allah ya raba lafiya."

Ta ce amin. Babu wata amsar da za a bayar a tsakiyar kasuwa.

Ta raɓe a inuwar wani shago ta buɗe shafin. An ƙaru da biyu. Wasu ne a Vietnam, sun rubuta cewa sun bi hanyar Dayyabu. Sunan mahaifinta ne ke yawo a duniya, mutumin da bai taɓa wuce Makka ba. Ita kuwa harafi ɗaya ce da ɗigo, can ƙarshen takarda.

Ta kira Nasrullahi ta gaya masa. Ya ce laifinsa ne, da bai ambaci asibiti ba.

"Ba laifin kowa ba ne."

"In kira Sabitu in sa shi ya faɗa mata?"

"A'a."

"Kina iya zama Nguru ki gama aikinki ki dawo. Babu wanda zai kama ki."

"Na sani."

Ta daɗe tana juya maganar. Kanwa tana Nguru, ɓuntu kuwa Sabitu zai iya kawo mata buhu goma. Aikin bai bukaci Gashuwa ba. Bayan azahar ta shiga motar Sabitu, suka nufi Gashuwa.

Itacen ta fara gani tun daga zaure. An jera shi a jikin katangar gabas, guma-gumai a ƙasa, faskare a sama, an rufa masa tsohon buhu saboda ruwa. Saratu ta san tsadar itace a wannan ƙasa. A gefe ga sabon rabin duro a kan duwatsu uku, ba a taɓa hura wuta ƙarƙashinsa ba. Ga rago fari a turke. Murhun girki kuwa kara ne da ɓuntu a cikinsa, yana ta hayaƙi.

"Tun da aka fara tarawa ba ta yarda a taɓa ko sanda ɗaya ba," Sa'adiya, matar Sabitu, ta raɗa mata tana karɓar jaka. "Da kara muke girki, Yaya. Idona ya ƙare."

Inna na bakin murhu, ta ba ƙofa baya. Ta rame, ta ranƙwafa fiye da yadda Saratu ta bar ta. Saratu ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta.

"Sa'adiya," in ji Inna, tana kallon tukunya, "a ce wa ta Nguru sannu da hanya. A ce ta daina durƙuso, ba shi da kyau. Kuma kar a bar ta ta ɗauki akwati."

Saratu ta buɗe baki. Yaran Sabitu suka rufe ta da tsalle, maƙwabta suka fara sallama, lokacin ya wuce.

An share mata ɗakin da ke kusa da na Inna, an yi masa sabon farin ƙasa, turaren wuta ya kama labule da katifa. Da yamma Sa'adiya ta shigo da kofi, jiƙon saiwa ne mai ɗaci, wanda ake ba mai ciki in watanni sun ja.

"Inna da kanta ta jiƙa. Ta ce ki shanye."

Sa'adiya ta sani, Sabitu ya gaya mata a zaure. Ta tsaya da kofin tana kallon ƙasa, tana jiran a ce ta zubar a bayan ɗaki. Saratu ta karɓa. Ta san babu abin da ke ciki sai ɗaci. Ta kuma san a iya tunawarta wannan ne abu na farko da Inna ta yi da hannunta domin ita kaɗai. Ta shanye.

Haka kwanaki suka fara tafiya. Kowace safiya ta ce yau za ta faɗa. Kowace safiya saƙo ya riga ta. A ce wa ta Nguru ga farfesun kifi, na Dagona ne, yau aka kamo. A ce kar ta sha ruwan firji. A ce kar ta je injin Sabitu, ƙaiƙayin ɓuntu ba ya yi wa mace kyau. Farfesar da ke tsayar da ɗalibi a tsakiyar magana in ya faɗi abin da ba shi da hujja, ta zauna ta ci kifi, ta bar ruwan firji.

Wata rana da azahar tana kwance, ido a rufe, ta ji an ɗaga labule. Babu sallama. Ƙanshin humra da hayaƙin kara ya gaya mata ko wace ce. Ta daidaita numfashi kamar mai barci. Inna ta ɗaga ƙafafunta a hankali, ta tura matashi ƙarƙashinsu. Hannun busasshe ne, da kaushi, da ɗumi. Sannan ta tsaya a kanta tana motsa baki, addu'a ce rabi da Larabci rabi da Manganci, ta tofa mata a hankali. Ta daɗe a tsaye. Saratu ta ji ana kallonta, kallo na sosai, daga goshi har yatsun ƙafa.

Da labulen ya sauka ta buɗe ido. Duk wannan ba nata ba ne. Na wani ne da babu shi, ita ajiya aka ba ta. Ranar da ta faɗa, za a koma a ce wa ta Nguru daga nesa, ko ma a daina aikowa. Ta kwanta da matashin a ƙarƙashin ƙafa har aka kira la'asar, ba ta motsa ba don kar ya goce.

Washegari mai amalanke ya sake zuwa. Saratu ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon Inna na nuna masa inda zai jera, tana ɗaga guntaye da kanta tana haki. Kaka ta faɗa: za ta ce ƙarami ne, ta ƙaro itace.

Bayan azahar Sa'adiya ta kwashi yara suka tafi bikin suna a maƙwabta. Sabitu na wurin inji. Gidan ya rage su biyu da rago. Inna na zaune a inuwar ɗaki da faifai a cinya, tana tsince kayan yajin jego, citta da kanumfari da masoro da kimba. Saratu ta ɗauko akwatin kwalabe, ta zo ta zauna a bakin tabarmar. Tabarma ɗaya.

Inna ta ɗan ja jiki. Ta waiwaya neman wanda za ta aika, babu. Sai ta dubi rago.

"A gaya wa mutane su koma ɗaki, rana ba ta yi sanyi ba."

"Babu mai gaya mini, Inna. Mu biyu ne."

Faifan ya tsaya.

"Inna, babu ciki. Ba a taɓa samu ba. Mun je asibiti shekara da shekaru, likitoci sun gama nasu. Ba na jin za a samu."

Ta faɗe shi yadda take karanta sakamakon gwaji, don ta wannan hanyar kaɗai zai fito. Inna ba ta ɗago ba. Ta ɗauki kanumfari ɗaya, ta juya shi, ta mayar cikin waɗanda ta riga ta tsince.

"To kanwar fa?" Faifan ta tambaya.

"Ta aiki ce."

Saratu ta buɗe akwatin, ta jera kwalaben a tabarma, ja da fara da ungurnu, kowace da takardarta. Ta fito da wata 'yar kwalba daga jaka, mai farin gari. Ta yi bayani da Hausa, abin da ba ta taɓa yi ba: tokar ɓuntu, ruwan kanwa, wuta, garin da ke tsotse guba daga ruwa. Ta ce ta rubuta yadda ake yi, mutane a ƙasashe da yawa suna karantawa suna gwadawa, kuma duk wanda ya yi amfani da shi sai ya rubuta daga wurin wa ya samo. Ta ce an rubuta haka fiye da sau dubu huɗu. Da ta ji adadin a bakinta, a tsakar gidan nan, gaban itacen nan, sai ya yi mata ƙanƙanta.

"Abin da nake da shi ke nan," ta ce. "Ya kamata in faɗa tun ranar da na zo."

Inna ta kife wani faifai a kan kayan yajin. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Ba ta fito da la'asar ba. Da magariba Sa'adiya ta kai mata tuwo, ta dawo da shi. Babu saƙon da ya zo, ko na a ce ta ci abinci. Saratu ta mayar da kwalabe akwati, ta ninke tufafinta, ta ce wa Sabitu da safe ya mayar da ita Nguru. Ya ce to, bai tambayi dalili ba.

Bayan sallar asuba ta ji ƙarar wuta, irin ta itace mai nauyi, ba ta kara ba. Ta zauna a kan sallaya tana saurare. Ta ji ana juye ruwa a duro, bokiti bayan bokiti. Gari ya fara haske sannan takun ya zo ƙofarta ya tsaya.

"Ke."

Saratu ta dubi bayanta, ko akwai wani a ɗakin.

"Ke nake wa magana. Fito, ruwa ya tafasa."

Ta ɗaga labule. Inna na tsaye, zane ɗaure a ƙugu, da damin ganyen darbejiya a hannu. Ba ta kalli idonta ba, amma ba bango take kallo ba, wajen kafaɗarta take kallo.

"Inna, na ce miki..."

"Na ji. Kunnena ƙalau. Na gajiya ne. Mutum ya taso daga wata uwa duniya, jikinsa duk sanyin ƙasar mutane. An riga an tara itace."

"Maƙwabta za su ga hayaƙi."

"Su gani."

"Ragon fa?"

"Ya jira Sallah. Cire rigar nan."

A makewayi an kife turmi. Saratu ta zauna a kai da ɗaurin ƙirji, kamar yarinya. Tururi ya cika wurin, da ɗacin darbejiya. Inna ta tsoma ganyen a ruwa, ta karkaɗe, ta maka mata a baya. Saratu ta ƙanƙame gwiwa. Ta san ma'aunin zafin da fata ke iya ɗauka, ta san an wuce shi.

"Da zafi?"

"Da zafi."

"Ki daure. Ni ma na daure a kanki."

Ganyen ya sauka a kafaɗa, a ƙugu, a kafaɗa kuma. Tsakanin duka da duka hannun Inna na bin bayanta yana dannawa, ƙashi bayan ƙashi, kamar mai duba abin da ta ba da ajiya tun da daɗewa.

"Waɗannan dubu huɗun," in ji Inna daga bayanta. "Sun iya faɗinsa daidai?"

"Ba sunana suke faɗa ba. Na Baba ne. Nawa harafi ɗaya suke sawa."

"Sun yi asara." Ta tsoma ganye. "Shi ba shi ya zaɓa ba. Sunan wata gwaggonsa ya so ya sa. Ni na aiki tsohuwar can ta Nguru ta gaya masa wanda nake so." Ruwa na ɗiga daga ganyen a kan daɓe. "Na san ba zan kira ba. Na ce dai in riƙa jinsa a bakin mutane."

Saratu ta jira. Ta riƙe numfashi, ta ba shi wuri. Sunan bai zo ba. Ganye ne ya zo, da zafinsa.

Daga bayan katanga muryar Hajja maƙwabciya ta taso.

"Ya Meram! Hayaƙi nake gani tun asuba. An haihu ne ba ku tashe mu ba?"

Hannun Inna ya tsaya a tsakiyar bayan Saratu. Bai ɗaga ba.

"Ba a haihu ba, Hajja. Babu ma cikin, ku daina jira." Ta ɗaga murya yadda za a ji har gida na biyu. "'Yata ce ta zo daga nesa, nake gasa mata jiki."

Hajja ta shekara talatin a wannan unguwa ba ta taɓa jin Ya Meram ta ce 'yata ba, in ba ƙananan take nufi ba. Can ta ce Allah ya ba da lafiya, takunta ya yi nisa.

Saratu ta sunkuyar da kai. Ruwa na bin fuskarta, tururi ne ko wani abu, babu mai tambaya.

"Sabitu ya ce wai Nguru za ki koma," in ji Inna.

"Na ce masa haka."

"Itacen nan zai kai kwana arba'in. Ki yi aikin kwalabenki da rana, ki je injin ma in kina so. Safe da yamma nawa ne." Ta tsoma ganyen, ta karkaɗe. "Juyo."

Saratu ta juyo.